Madubin Askin Malam

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Sakinatu ta ce in riƙa rubutu cikin littafin ga, wai kada hannuna ya mance bokon da na koya a ajin manya. Na ce ni da na goyi ubanta, yau ita ke ba ni aikin gida. To ga shi na fara, Malama, in na cika shi sai ki sa mini maki.

Jikata ce, ɗiyar ɗana na fari. Wata huɗu ke nan da anka ɗauke ta koyarwa a wata makarantar kuɗi can Arkilla, aji huɗu. Tun ranar ba mu huta ba a gidan ga, don duk darasin da za ta yi wa yara sai ta gwada shi a kaina tukuna. Na gobe na haske ne. Ta zaunar da ni tsakar gida, ta tara wa rana madubi, ta jefa wani farin ɗigo bisa bangon ɗakin girki.

Ta ce, "Kaka, kin gani? Haske ya bugi madubi ya dawo, kamar ƙwallo ga bango. Yadda ya karkato ya zo, haka zai karkata ya tafi."

Na ce, "Ƙawata, wannan ne ubanki ya kai ki kwaleji shekara uku ki koyo? Mu muna 'yan mata da shi muke kiran juna daga soro zuwa soro nan Ƙofar Taramniya, ba wanda ya ba mu satifiket."

Sai ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta haska tocila ta cikin haƙoran mataji, ta busa hoda. Haske ya fito siri-siri kamar zaren saƙa, ya bugi madubi, ya karye ya nufi silin.  Abin ya yi kyau, amma ban gaya mata ba.

Ta so ta yi da kyandir, Hajiya Atika mai makarantar ta ce ba a kunna mata wuta a aji, shi ya sa ta koma ga tocila. Madubai take nema da yawa, yara talatin ne. Na bi maƙwabta na aro mata bakwai, na ƙara da nawa uku. Can ƙarƙashin jakar kuma na tura mata madubin askin maigidana, marigayi Malam, zagayayyen nan mai ƙafar ƙarfe, mai zurfin ciki kamar 'yar tasa, wanda ke ƙara wa fuska girma. Ina son ta ɗauko shi gaban yara ta ga hancinta ya kai tulu.

Ni da madubin nan mun san juna. Wata rana na ba da labarin.

Juma'a, 9 ga Mayu, kafin azahar ta wuce

Ta dawo tana dariya tun daga zaure. Wai yara shida sunka jeru da madubai, sunka ɗauko rana daga bakin ƙofa, wannan ya miƙa wa wannan, har ta sauka bisa allo. Aji ya ɗauki ihu. Wata Nuriyya ta rubuta sunanta ta tara ga madubi, ta ga ya juya baya, ta sa kuka wai an ɓata mata suna.

Hancin ma ya yi aiki. Ta ce, "Kaka, Allah ya isa tsakanina da ke! Yara sun bi layi kowa na son ganin nashi hanci." Na ce ai gara su san abin da sunka gada.

Ta ce ta bar madubai bisa teburinta gindin taga, Litinin za su ci gaba.

Gindin taga. Na buɗe baki zan yi magana, sai ga ubanta ya shigo da mangwaro, munka hau rabo.

Juma'a, gab da magariba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An kira ta a waya, ta fita da takalmi wari da wari. Ajinta ya kama wuta.

Ba kowa ciki. Alhamdu lillahi ba kowa ciki.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Labule ya tafi, teburi ya tafi, kabad ɗin littattafan yara da rabin silin. Maigadi ya dawo daga masallacin Juma'a ya tarar da hayaƙi na fita ta tagar yamma, mutanen layi sunka taru da bokitai.

Ba wutar lantarki ba ce, don tun safe babu ita a unguwar. Sai Hajiya Atika ta tsaya gaban malamai da maigadi da masu bokitai ta ce, "Wuta ba ta tashi ita kaɗai. Wa ya roƙe ni kyandir na hana?" Sakinatu ta rantse da Allah ko ashana ba ta shiga da ita ba. Hajiya ta ce ƙaryar ta fi mata gobarar ciwo. An ce ta zauna gida sai kwamitin iyaye ya zauna ranar 24. In sun tabbatar, shi ke nan aikin.

Tana ba da labari tana kallona, ni ina kallon tabarma.

Ban ce komai ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, da rana

Ban ci tuwo ba. Na ce haƙori ne.

Litinin, 12 ga Mayu, da safe

Ƙarfe bakwai na gan ta ta fito cikin shiri, hijabi a goge, jaka a kafaɗa. Ta kai bakin zaure ta tsaya. Sannan ta dawo ta zauna bisa turmi da jakar a cinya har rana ta iso ta.

Ubanta ya ce, "Sakinatu, in kin kunna ki faɗa mini ni kaɗai. Kuskure ba a kanki anka fara ba." Ta ce, "Baba, har kai?" Ya juyo gare ni ya ce, "Inna, ke da ba ki rasa magana, yau kwana uku ba a ji bakinki ba."

Na ce Allah shi bayyana gaskiya. Sunka ce amin. Ni ban ce amin ba, sai yanzu da nake rubutu na lura.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Masu jaje sun cika gida. Mai bakin nan ta bayan gidanmu ta ce ita dai ta sani, ba a tara madubi goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya a rufe, wai taron aljanu ne. Da can ne da na karɓe labarin daga bakinta, na yi wa aljanun sunaye da rawuna, har na ce na san uwar ɗaya daga cikinsu. Yau sai na ji kaina ina gyaɗa kai ina cewa, "Ƙwarai kuwa, ana haka."

Ni! Ina neman aljanu su ɗaukar mini kaya, don na san su ba a kiransu gaban kwamiti.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

An aiko mata abin da ya rage a cikin leda: ƙonannen mataji, tocila ta narke, fasassun madubai. Na maƙwabta duk sun fashe. Na Malam kaɗai bai fashe ba, ya dai yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Na ce a ba ni, abin tunawa da Malam ne. Ta miƙo mini tana ba ni haƙuri wai ta lalata mini shi.

Haƙuri take ba ni.

Yana ƙarƙashin gado, a kife.

Asabar, 17 ga Mayu, rana tsaka

Sun tafi bikin suna, na ce ƙafata na ciwo. Na wanke madubin da toka da ruwa, na ce wa kaina ƙila tsufa ya kashe mishi ƙarfi, ƙila ba shi ba ne, shekaru nawa. Na fita tsakar gida na tara shi ga rana, na riƙa matsowa har farin ɗigon ya tsuke ya koma kamar ƙwayar gero bisa tabarma.

Ban kai ƙirga ashirin ba.

Na zuba ruwan buta. Na jawo turmi na rufe ramin. 

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan azahar

Na ce wata rana zan ba da labarin. Ba irin wanda nake ba jikoki ba ne.

Ina amarya, shekarata ta farko a gidan ga, ba ni da aikin yi da rana sai wasa da madubin askin Malam. Ina kora kaji da ɗigon haske, ina ɗora shi bisa hancin akuya. Ran nan Lawali mai guga ya kawo farar babbar rigar Malam, ta zuwa ɗaurin aure, a ninke, anka aje bisa kujera a tsakar gida. Na ce bari in ga yadda aikin zaren zai yi walƙiya. Na tsuke ɗigon bisa aljihu ina kallo. Sai ƙauri.

Rami kamar bakin kofi, ya ratsa ninki uku.

Malam ya dawo ya gani, ya ce gawayin dutsen guga ne. Ya fita ƙofar gida ya kira Lawali gaban jama'a. Ina bayan ƙyaure ina jin Lawali na cewa, "Wallahi Malam lafiya lau na kawo ta. Wallahi." Malam ya ce ɓarnar ba ta dame shi ba kamar rantsuwar ƙarya. Daga ranar gidaje huɗu na layinmu sunka bar ba shi guga. Kafin shekara ya kwashe teburinsa ya koma unguwar Gidan Dare.

Malam ya rasu bai sani ba. Shekara arba'in da shida ke nan. Har dariya nake yi ni kaɗai in na tuna, na ɗauka ƙuruciya ce.

Maganar da Malam ya faɗa ita Hajiya Atika ta faɗa, kamar tana bayan ƙyauren tare da ni.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi

Ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado, daidai saman inda madubin yake. Ta ce ta je neman wata makarantar, suna jin sunanta sunka ce ai sun ji labari.

Sannan ta ce, "Kaka, ko dai na kunna na mance?"

Na ce mi?

Ta ce, "Ina ta bin ranar a kaina. Na zazzage jakata ko zan ga ashana. Kowa ya ce ni ce. Mutum na iya yin abu ya mance, ko? Ko kaina ne ya fara taɓuwa?"

Yarinyar da ke tuna ranar da kowace kaza ta fara ƙwai a gidan ga.

Na ce ta sha ruwa.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na kira ubanta ɗaki. Ya durƙusa ya ce, "Ga ni, Inna." Na dube shi, na tuna ranar da na sa wa surukinsa ƙadangaren roba cikin takalmi, ya ce mini, "Inna, wasan nan naki wata rana zai ja mana abin kunya." Na ce ya sa a duba mini fankar ɗaki, tana ƙara.

Fankar lafiyarta lau.

In na faɗa, ni ce tsohuwar da ta ƙone makaranta. Yara za su yi mini waƙa a layi. Kuma ƙila ma ba zai fisshe ta ba, su ce ai ita ta aje shi gindin taga. Kuma za ta tambaye ni tun yaushe na sani.

Na ƙarshen nan ne ke hana ni. Sauran duk ƙari ne.

Juma'a, 23 ga Mayu, da yamma

Na tari keken haya na tafi Gidan Dare neman Lawali. Na ce in fara da tsohon, in na iya shi sai in iya sabon. Na yi ta tambaya har wani tela ya gane shi. Ya ce, "Baba Lawali mai guga? Allah shi jiƙan shi, ai daminar bara anka rufe shi. Mutumin kirki. Bai taɓa yarda a aje mishi farar riga ba sai mai ita ya buɗe ta gabanshi, ya duba gaba da baya, ya ce ya gani. Mun sha yi mishi dariya kan haka."

Na zauna bisa bencin telan. Ya ba ni ruwa. Ya ce, "Hajiya, 'yar'uwarshi ce ke?" Na ce a'a.

Gobe ne zaman kwamiti.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Ba wanda ya gayyace ni. Na ga sun tari keke, na riga su shiga, na ce ina son in ga Arkilla kafin in mutu. Ɗana ya ce, "Inna, ba wurin wasa za mu ba." Na ce na sani.

Sun zauna a ofis, iyaye biyar da Hajiya Atika, wasu da yaransu a baranda. Tun daga ƙofa na hango takarda bisa teburi, an buga an sa hannu, da sunan Sakinatu a sama. Ashe an gama, zaman na karantawa ne. Hajiya ta ce, "Malama Sakinatu, karo na ƙarshe. In kin amsa laifinki, za mu rubuta cewa ke kinka aje aiki da kanki." Na ga yarinyar ta buɗe baki. Wallahi za ta amsa.

Na tashi na ɗauke takardar na yi waje.

Sunka biyo ni suna "Hajiya! Hajiya Kaka!" Na tsaya tsakiyar fili, na aje takardar ƙasa na danne da dutse, na ciro madubin daga cikin zane. Na ɗaga kai.

Hadari. Wata bakwai ba mu ga gajimare a Sakkwato ba, sai yau wani ya zo ya zauna bisa rana kamar an aiko shi.

Na tsaya riƙe da madubi, tsohuwa tsakar fili, ba abin da ke faruwa. Wani daga cikin iyayen ya ce wa ɗana, "Alhaji, a kai ta inuwa, zafi ne." Yara na ƙyalƙyala dariya. Ɗana ya kama mini hannu ya ce, "Inna, don Allah." Na ce, "Sake ni, ko in faɗa wa mutanen ga shekarar da ka bar fitsarin kwance." Ya sake ni.

Sai rana ta leƙo. Na matso, na matso, ɗigon ya tsuke bisa sa hannun Hajiya. 'Yar nan Nuriyya ta fara gani, ta ce, "Hayaƙi! Malama, hayaƙi!" Takarda ta yi baƙi, ta huje, wuta ta tashi.

 Hajiya Atika ta dafe ƙirji ta ce, "Takardar makaranta kinka ƙona!"

Na ce, "Na ƙona. Ajin ma ni na ƙona. Ni na sa madubin ga cikin jakarta don in yi mata tsiya, na san abin da yake yi, ban gaya mata ba. Ta aje shi gindin tagar yamma, rana ta juyo bayan Juma'a, ga labule kusa. Yarinyar ga ba ta kunna komai ba, ba ta kuma yi ƙarya ba."

Sakinatu ta durƙusa ta ɗauki madubin tana juya shi. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Mai zurfin ciki yana tara haske wuri ɗaya. Na karanta shi, har jarrabawa na ci da shi. Ban taɓa gani da ido ba, ko kaɗan bai zo mini a rai ba."

Sun sa na sake yi sau biyu, da kwali da tsumma, sannan sunka koma ofis. Da sunka fito, sun ce an ja mata kunne kan barin kaya gindin taga, ta dawo aiki Litinin. Hajiya Atika kuwa, Allah shi saka mata, ta ce, "Gaban mutane na ce kin yi ƙarya, gaban mutane nake neman ki yafe mini." Ni kuma ta ce kada ta sake ganina kusa da katangarta da ko cokali mai ƙyalli.

Cikin keke na so in yi tsiya, na ce, "Malama, yau wa ya koya wa wani darasin haske?" Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun Juma'ar.

Ta ƙirga da yatsu. Ta ce, "Kwana goma sha biyar. Na zauna bakin gadonki na ce ko kaina ya taɓu, kika ce in sha ruwa."



Lahadi, 25 ga Mayu, da hantsi

Ba ta shigo gaishe ni ba.

Litinin, 26 ga Mayu, da safe

Ta tafi aiki. "Ina kwana" daga bakin ƙofa, kamar ana gaida mai haya.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan azahar

Bakina na iya ba da labarin kowa, ya kasa wannan. Zan aje littafin ga bisa sallayarta. Ita ta ce a rubuta.

Alhamis, 29 ga Mayu, da safe

Na idar da lazimi na ɗan kishingiɗa, sai na ji wani abu na yawo bisa fuskata. Na buɗe ido, farin ɗigo, ya bar goshi ya sauka bisa hanci ya zauna. Na ce wayyo ramuwa ce!

Tana bakin ƙofa da ɗan madubin jakarta, shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya ƙona komai. Ta jefo mini littafin. Ta bi shi duka da jan biro. A shafin Lawali ba ta taɓa komai ba, ƙasa kawai ta rubuta: "Yana da 'ya'ya. Asabar za mu je, ke za ki yi magana."

A bangon baya ta sa maki, huɗu bisa goma. Na ce, "Ƙawata, wannan ai rowa ce." Ta ce, "Shidan na kwana goma sha biyar ne. Tashi ki sa hijabi. Na roƙi Hajiya ta yarda, 'yan aji huɗu na son ganin tsohuwar da ta ƙone musu aji. A fili za ki nuna musu, ni ina riƙe da bokitin ruwa. Kuma kafin ki taɓa shi, sai kin fara gaya musu abin da yake yi."

Na ce to, Malama.

Madubin na cikin jaka, na kife shi, na naɗe da zane biyu. Ga mai keke can yana ta danna oda.